Bargon ƙyallaye: auduga ce ko roba?

4 ga Oktoba, 2025

Buhu biyu na ragowar yadi ke jingine a kusurwar ɗakin ɗinkina. Ɗaya daga shagon telan bakin layinmu a nan Tudun Wada, Gusau, ɗayan kuma tarkacen gida ne: tsofaffin zannuwan surukata Inna, rigunan gwanjo da suka yi wa yara kaɗan, da guntayen shadda na ɗinkin Sallah. Niyyata in haɗa bargo babba kafin sanyi ya kankama a Disamba. Zan yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, kowanne inci 5, ɗinki ya ci kwatan inci ta kowane gefe, ya koma inci 4 da rabi. Jeri 18, kowane jeri ƙyalle 14, wato 252 ke nan, bargon ya fita inci 63 a faɗi, 81 a tsawo. Sai shimfiɗar tsakiya mai riƙe ɗumi, sai bangon baya.

Ban sa wa ko ɗaya almakashi ba tukuna, domin kusan babu ƙyallen da ya zo da shaidar zaren da aka saƙa shi da shi. Tela ya san sunan kasuwa: wannan atamfa, wannan shadda, wannan yadin kaftani, wannan boyel. To amma akwai atamfar auduga zalla, akwai wadda roba ce daga wannan baki zuwa wancan, kuma zanen furen iri ɗaya. In aka jera su gefe da gefe, ranar wanki ake jin jiki: auduga ta tsuke, roba ta tsaya yadda take, ɗinkin ya tattare. Zafin dutsen guga da zai kwantar da auduga kuma shi zai ɓata robar.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Da hunturu Inna ba ta rabuwa da kaskon garwashi a ɗakinta, jikoki kuma can suke kwana. Auduga ma tana cin wuta, sosai ma, amma roba narkewa take yi ta manne a fata. Don haka na auduga nake so.

7 ga Oktoba

Na zazzage buhunan a tabarma, na fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. A damƙe ƙyalle a tafin hannu da ƙarfi, a ɗan jima, a saki. Auduga takan fito a yamutse ta zauna a haka, roba kuwa ta miƙe abinta. Auduga takan yi sanyi a bayan hannu, roba ta yi santsi mai ɗan sulɓi, wani lokacin har ta kama busasshiyar fatar yatsa.

Inna ta jawo kujerarta ta zauna kusa. Ita da ta yi kaɗi da mazari tun tana yarinya, gani take ba ta bukatar wani gwaji. Takan murza ƙyalle tsakanin yatsu, ta kai kunne, ta yanke hukunci. "Wagga auduga ta, ɗiyata. Wagga ko roba ta, ko kyauta ba ni so." Na ce, "Inna, ku dai ware yadda kuka gani, in na ƙona sai mu gani ko wuta za ta yarda da ku." Ta ce wuta ba ta girme ta ba.

Mun tashi da tsibi uku: wanda muka yarda auduga ne, wanda muka yarda roba ne, da na shakku, wanda ya fi sauran biyun tudu. Na gwada ɗigon ruwa a kan na shakkun, tunda auduga tana shanye ruwa nan take, roba kuma ta bar shi tsaye. Bai taimaka ba. Sabon yadi cike yake da sitaci, ruwa ya ƙi shiga ko a wanda na tabbata auduga ne. Wannan gwaji sai bayan wanki.

12 ga Oktoba

Yau aka yi ƙuna. Na zaɓi bayan la'asar, iska ta kwanta, na fito tsakar gida da tsohon farantin ƙarfe, da hantsaki, da laita, da kwanon ruwa a gefe. Ban yi amfani da ashana ba, saboda warin kanta yana rufe ƙaurin da ake son ji. Na ɗaure mayafi tamau, na kora yara ɗaki. Daga kowane ƙyalle na yanki ɗan guntu, faɗinsa bai wuce yatsa ba.

Abubuwa huɗu ake lura da su, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci suke faruwa: yadda ƙyallen ke yi in wuta ta matso kusa, yadda yake ci, ƙaurinsa, da abin da ya rage a faranti.

Tsohon zanen Inna na fara ɗauka, don in sami abin auna sauran. Bai guji wuta ba. Ya kama da sauri, harshen wutar rawaya, hayaƙin fari-fari, ƙaurin kamar na takarda. Da na hure, jan garwashi ya ci gaba da bin bakin ƙyallen a hankali. Tokar laushi gare ta, na taɓa da yatsa ta zama gari. Auduga ke nan ba tantama.

Sai wata atamfa mai ruwan ganye da fulawa ja, wadda Inna ta sa a tsibin auduga da hannunta. Tun kafin wuta ta taɓa ta bakin ya nannaɗe ya ja baya. Da ta kama, sai baƙin hayaƙi da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi na sinadari, ta yi ɗigo a faranti. Bayan ya huce na ɗauko abin da ya rage, wani baƙin dunƙule mai ƙyalli, na matsa da farce, ko gezau. Poliyesta. Na kai wa Inna a tafin hannu. Ta jujjuya shi, ta ce masu yin atamfar yanzu ba su da tsoron Allah.

Gaskiyarta ta wani ɓangaren. A bakin wannan atamfar, inda ake buga rubutu, an sa auduga ce ɗari bisa ɗari. Daga yau na daina karɓar shaidar bakin zane.

Wata tsohuwar hular sanyi ta gwanjo ta ba ni abin da ban zata ba. Ta ƙi ci da kyau, tana tsartsatsi, da na janye laita ta mutu da kanta. Ƙaurin kuwa sak babbakar kan rago ranar Babbar Sallah. Abin da ya rage baƙin dunƙule ne shi ma, amma da na murtsuke sai ya farfashe ya zama gari. Ulu na gaske, gashin tumaki. A nan bambancin yake: dunƙulen ulu da na siliki suna murtsukuwa, na roba ba ya murtsukuwa. A jira ya huce dai kafin a taɓa, narkakkiyar roba ba ta da mutunci.

19 ga Oktoba

Tsibin shakku ya ragu, amma waɗanda suka rage masu taurin kai ne. Yawancinsu yadin kaftanin maza da na kayan makaranta. Suna ci kamar auduga, ƙaurin takarda na nan, sai dai hayaƙin ya fi duhu, kuma in an shafa tokar sai a ji wani ƙeƙasasshen abu a bakin da wuta ta tsaya. Gauraye ne. Irin wannan yadin an saba yin sa kashi 65 poliyesta, kashi 35 auduga, shi ya sa ba ya yamutsewa kuma iyayen yara ke son sa.

Na koma zare zarurruka. A warware bakin ƙyalle, a ciro 'yan zarurrukan tsaye a murɗe su wuri ɗaya, a ciro na kwance a murɗe su daban, a ƙona kowanne shi kaɗai. A wani yadi ruwan toka, zaren tsaye ya narke ya yi dunƙule, na kwance ya bar toka mai laushi: kowane ɓangare da irin zarensa. A wasu kuwa dukan biyun abu ɗaya suka yi, rabin toka rabin dunƙule, domin tun wurin kaɗi aka cakuɗa su cikin zare ɗaya. Wuta tana iya gaya min akwai roba a ciki, ba ta iya gaya min kashi nawa.

Wata dabara da ta taimaka: a warware zaren guda a duba ƙarshensa. Na auduga gajerun gashi ne da aka murɗe, in an tsinka bakin ya yi buzu-buzu. Na roba sau da yawa dogayen silili ne masu ƙyalli da ba su da ƙarshe. Amma ana yanka poliyesta gajere a kaɗa shi kamar auduga, don haka buzu-buzu shi kaɗai ba hujja ba ne.

Na ware gaurayen a leda. Za su yi jakar makaranta ko rigar filo.

25 ga Oktoba

Ranar wanki. Kafin in jiƙa, na zana murabba'i mai inci 10 da biro a kan manyan ƙyallayen. Ruwan zafi, sabulu, shanya, guga, sannan awo. Tsofaffin zannuwa ba su motsa ba, sun gama tsukewarsu shekaru da suka wuce. Sabuwar atamfar auduga ta rage kusan kwatan inci. Farin akoko da nake tunanin yin bangon baya da shi ya rage rabin inci cif. Rabin inci a cikin 10 ba komai ba ne a ido, amma a tsawon inci 81 ya kai inci 4.

Shadda ta ba ni aiki. Ƙyallinta da ƙarar da take yi daga sitaci da bugu suke, kuma a hannu mai tsada da mai araha duk sun yi kama. Bayan wanki gaskiya ta fito. Guntayen da tela ya ce Getzner ne, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, sun yi laushi, sun sha ɗigon ruwa nan take, sun ƙone sun bar toka. Wasu guntayen masu irin wannan zanen ciki sun fito daga ruwa da ƙyallinsu kamar ba a wanke ba, wuta kuma ta nannaɗe su. Na nuna wa telan. Ya ce, "Hajiya, ai mu a dutsen guga muke ganewa. Wadda ta yi wari in dutse ya yi zafi, ba sai an gaya maka ba." Na ce, "Malam, ai lokacin an riga an saya." Ya yi dariya ya ce shi ɗinki aka kawo masa, ba shi ya je Kantin Kwari ba.

1 ga Nuwamba

Akwai wasu ƙyallaye masu laushi da zuba a jiki, daga dogayen rigunan gwanjo da mayafai. Sun ci jarrabawar wuta sarai: ƙaurin takarda, toka kaɗan, babu dunƙule. Duk da haka hannuna bai yarda ba, sun cika lanƙwasa. A wuyan wata riga na sami ragowar lakabi da ya ce biskos. Shi biskos daga itace ake narkar da shi a ja shi ya zama zare, asalinsa ɗaya da auduga, wato tsiro, shi ya sa wuta ba ta raba su.

Ruwa ke raba su. A ciro zare mai ɗan tsawo, a jiƙa tsakiyarsa da yawu, a ja daga gefe biyu. Biskos yana rasa ƙarfi sosai in ya jiƙe, don haka a daidai wurin jiƙon yake tsinkewa. Auduga kuwa ƙarfi take ƙarawa a jiƙe, sai ta tsinke a busasshen wuri. Na yi ta yi ina maimaitawa don daɗin ganin abin, kuma bai saɓa ba. Biskos ba zai shiga bargon ba. Abin da za a riƙa cuɗawa a baho ana matsewa da ƙarfi bai kamata ya zama mai raunana cikin ruwa ba.

Shafin wata tsohuwar kwat ya ci wuta yana narkewa, da wari mai tsami. Na ɗiga masa ruwan goge jan farce, irin mai sinadarin asiton, wurin ya yi danƙo ya huje. Asitet ne. Poliyesta da auduga ko a jikinsu.

Sai gwajin bilic, a ƙaramar kwalba, a waje, kuma ba a haɗa shi da asiton ko wani sinadari. Bilic yana cinye zaren da ya fito daga dabba. Guntun hular nan ya kwana a ciki, da safe babu shi. Zaren saƙa da ake sayar mana a kasuwa da sunan ulu kuwa ya kwana lafiya lau, a wuta ma ya ci bal-bal ya bar baƙin ƙeƙasasshen abu. Akirilik ne, bai taɓa ganin tunkiya ba. Duk hulunan jarirai da safunan da muke saƙawa da shi ake yi, kuma da su ake kwantar da jariri kusa da garwashin wankan jego.

A ƙasan buhun gida akwai aljihun wata tsohuwar babbar riga ta marigayi mai gidan Inna, da aikin hannu ruwan ƙasa-ƙasa. Inna ta ce tsamiya ce. Na ciro zare ɗaya tak daga baya. Ya ƙone da ƙaurin gashi, dunƙulen ya murtsuke. Silikin daji ne na gaske, wanda tsutsa ke saƙawa a jikin itace. Wannan karon wuta ta yarda da Inna, kuma ta tabbatar duk gidan sun ji. Na mayar mata da aljihun, ba na yankawa ba ne.

8 ga Nuwamba

Ƙanena da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya tafi da zarurruka biyar a ambulan, ya dawo da hotuna a waya. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, gashin auduga a baje yake kuma a murɗe, yana juyawa nan da can. Poliyesta santal yake, sumul, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Biskos yana da layuka a tsawonsa. Ulu kuma ɓawo-ɓawo ne a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya. A hoton yadin makaranta ga murɗaɗɗu ga santala kwance tare, santalan sun fi yawa.

"Yaya, kin san me ya sa roba ke sa zufa?" Ya ce auduga tana riƙe danshin iska kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, poliyesta kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Abin ya zauna min, don duk wadda ta sa hijabin roba a watan Afrilu a Gusau ta san zancen ba sai da lissafi ba. Ya ƙara da cewa a Ingila aka ƙirƙiro zaren poliyesta a 1941. Inna da ke saurare ta ce ita dai ta san lokacin da motocin auduga ke layi a gidan gurza, masaƙar Gusau na aiki, ba wanda ke tambayar ko zane auduga ne. Yanzu masaƙar a rufe take, mu kuma muna ƙona bakin zane a tsakar gida.

15 ga Nuwamba

Shimfiɗar tsakiya. Mai katifa ya ba ni shawarar faiba, farar nan da ake cusa wa filo. Na ɗan tsakura na kai wa laita, ta ƙanƙance ta ɗige. Poliyesta ce, kuma ba ma'ana in tace fuskar bargo in cika cikinsa da roba. Audugar rimi ma na duba. Tsiro ce, amma gashinta santsi gare shi, ba ya kama juna, zai tattaru a kusurwa bayan wanki, ga shi tana kama wuta fiye da audugar gona.

Na tsaya a kan wani tsohon luru da ya ƙoƙe a gefe amma tsakiyarsa lafiya. Saƙar hannu ce, zaren kwancen abawa mai kauri, ya ƙone ya bar toka zalla. Zai yi nauyi, keken zai sha wuya, amma an wanke shi sau ba adadi, ba sauran tsukewa.

23 ga Nuwamba

Saura gwajin zubar launi. Na jiƙa farin ƙyalle, na shimfiɗa a kan kowane mai launi, na danna dutse mai zafi. Jajaye biyu sun bar shaida, da wani shuɗi na rinin baba wanda ko a bushe yana shafar hannu. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa su da gishiri su kwana. Na yi don kada ta ce na raina shawararta, da safe jan na nan yana zuba. Gishiri yana da aiki a lokacin rini, ba bayan an gama ba. Shuɗin na yi ta ɗauraya har ruwan ya yi haske, zan sa shi nesa da farare. Jajayen na fitar.

A kan lakabin kayan gwanjo akwai hoton dutsen guga da ɗigo a ciki: ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. Auduga mai uku ce. Dutsen gawayi ba ya da ɗigo, kuma shi nake amfani da shi duk ran da aka ɗauke wuta, don haka samun fuskar bargo mai zare iri ɗaya ya sauƙaƙa min: in dutse ya yi zafi sai in bi ta kai gaba ɗaya.

An fara yanka. Da kwali na yi ma'auni, ina bin tsayen zare don kada ƙyalle ya miƙe a karkace. Waɗanda suka tsallake duk gwaji sun ba ni 230 da 'yan kai. Telan ya yi alkawarin ware min guntayen atamfa na makon nan.

30 ga Nuwamba

Jeri 11 sun haɗu, kusurwoyi suna haɗuwa da kyau in ban da inda tsohon zane mai laushi ya gamu da sabuwar shadda mai tauri. A nan nakan ɗan fesa sitaci a kan tsohon kafin ɗinki.

Jiya na tuna ban gwada zaren ɗinkin kansa ba. Na ja kamu ɗaya daga kan keke na kai wa laita, ya nannaɗe ya yi ɗan ƙwallo. Poliyesta, kamar kusan duk zaren keke da ke kasuwa. Na bar shi. Ya fi na auduga ƙarfi, bargon yara kuma ja-in-ja zai sha, kuma abin da ke ɓuya cikin ɗinki bai kai ya dame ni ba. Na dai rage zafin dutse in zan kwantar da bakin ɗinki.

Guntayen da tela ya aiko kusan rabinsu roba ne, sauran sun cike gurbin 252. Abin da babu shi ne yadin kewaye baki, wanda dole sai sabo, dogo, launi ɗaya. Wani mai kanti a kasuwa ya yarda in zare zare biyu daga bakin bandir in gwada a bayan shago kafin ya yanka, da sharaɗin kada in yi a gaban masu ciniki. Ranar Talata zan je, in an dace in wanke a ranar, Laraba a yanka.